Gansakuka da Renonta a Ƙasar Gobir

Cikin tsire-tsiren da Allah ya halitta, da wuya a sami wanda mu ka raina kamar gansakuka. Ba a cinta, ba a kai ta kasuwa, in kuwa ta fito a bakin rijiya sai a ce ƙazanta ce, a kankare. Amma ga wanda za a ba aji ya koyar da labarin halitta a gari kamar Tsamaye, ta ƙasar Sabon Birni, inda ruwa ke da tsada wata takwas cikin shekara, wannan 'yar aba tana da babban amfani, gama ita ce za ta nuna wa yaro da idonsa abin da inuwa ke yi wa ruwa. Don haka mu ka ga ya kamata mu tattara abin da mu ka koya game da ita, ko 'yan'uwanmu masu shirin fita koyarwa su ƙaru.

Mece ce gansakuka?

Da fari sai mu rarrabe, domin abu biyu mu ke kira da suna ɗaya. Akwai kore-koren nan mai yauƙi da ke rufe kan kududdufi, ya kan kuma kama cikin randar da ba a wankewa. Wannan ba shi da kara, ba shi da ganye, cikin ruwa ya ke zaune. Akwai kuma ta tudu, wadda ke shimfiɗuwa kamar ƙaramar darduma a gindin bango, ko jikin tsohon itace, ko kan tubali mai laima. Wannan ta biyu ita ce mu ke magana a kanta.

In kun ɗebo ɗan kaɗan kun duba da gilashi mai ƙara girman abu, za ku ga ashe tsiro ne cikakke, dubbai a cunkushe, kowane da ɗan karansa da ganyayensa. Sai dai ba ta da saiwa irin ta gero ko dawa. Abin da ta ke da shi 'yan zarurruka ne da ta ke riƙe ƙasa da su. Ruwa kuwa da jikinta ta ke shansa, gama ganyenta ya fi takarda rashin kauri nesa. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Idan lokacin haihuwarta ya yi, ƙwayar namiji ta kan yi iyo cikin ɗigon ruwan da ke kwance a kanta har ta iske ta mace. Sa'an nan wani siririn tsinke ya fito da ɗan ƙulli a kansa, wanda bai kai ƙwayar gero ba. In ya nuna sai ya buɗe, wani gari mai laushi ya fita, iska ta ɗauke shi. Duk inda ya faɗi, in akwai laima da inuwa, sai ya tsiro. Masana sun ƙidaya irinta wajen 12,000 a duniya.

Darajarta a waɗansu ƙasashe

A birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai wani wurin ibada da a ke kira Saihoji. Wani malaminsu mai suna Muso Soseki ya tsara lambunsa a shekarar 1339, daga baya gansakuka ta rufe shi, har a ke lissafa iri wajen 120 a ciki. Tun 1977 ba a shiga sai wanda ya nemi izini tun da wuri, don kada yawan ƙafa ya kashe ta. A 1994 a ka sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A ƙasashen sanyi kuma akwai wata iri ta fadama, sifagnum, wadda ke riƙe ruwa kamar ninki 20 na nauyinta in ta bushe. A Yaƙin Duniya na 1914 zuwa 1918, da auduga ta yi ƙaranci, da ita a ka riƙa ɗaure wa sojoji rauni.

To, amma kada mu ruɗi kanmu. Ruwan saman Kiyoto ya kan kai milimita 1,500 a shekara. Namu na Sabon Birni da Isa bai cika wuce 600 ba, kusan dukansa kuwa tsakanin Yuni da Satumba ya ke sauka. Bayansa sai hunturu da busasshiyar iska, sa'an nan bazara, wadda zafinta kan haura awo 40. Wanda ya ce zai shimfiɗa fili guda da gansakuka a Gobir, ɓarnar ruwa kawai zai yi. Namu lambun bai kamata ya wuce faɗin faifai ba, wannan kuwa ya isa darasi.

Zaɓen wuri

Littattafan Turai sun ce a nemi gansakuka a arewacin itace, domin can rana kullum ta kudu ta ke bi. Mu a nan ba haka ba ne. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta kan ɗan karkata arewa da mu da tsaka, sauran watanni kuma ta koma kudu. Saboda haka inuwar bango ba ta tsayawa gefe ɗaya, inuwar da ke bisa kai ita ce abin dogara.

Itatuwa ma ba duka su ke ɗaya ba. Giginya dai an riga an san halinta, na nesa ka sha inuwarta. Gawo kuwa da damina ya ke kaɗe ganyensa, daidai lokacin da gansakuka ke tsiro. Tsamiya da mangwaro da dogon yaro su ne masu inuwa mai duhu da ke daɗewa.

Amma wurin da ya fi duka yana cikin kowane gida, watau gindin randa. Jikin randa yana tsattsafo da ruwa a hankali, shi ya sa ruwan cikinta ke sanyi, shi ya sa kuma ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta rabuwa da laima. In randar tana ƙarƙashin rumfa, an kuma kare ta da zana ta wajen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, to, an sami lambu ba tare da an ƙara ko guga ɗaya ba.

Yadda a ke dasa ta

Cikin Agusta, sa'ad da ruwa ya zauna, a bi gindin tsofaffin bangaye da bakin rijiyoyin lambu da gaɓar fadamun Gulbin Rima. In an same ta, a sa wuƙa a yanko kamar faɗin tafin hannu tare da 'yar ƙasar da ke ƙarƙashinta, a bar saura ta ci gaba da yaɗuwa. A jiƙa tsingaro ko jan tubali, a aza ta a kai, a danna da tafi har ta manne, gama in iska ta shiga ƙarƙashinta sai ta bushe.

Ba a kwarara mata ruwa, yayyafawa a ke yi da yatsu, safe da maraice. Ruwan sama ya fi, in babu a sa na rijiya. Kada a zuba mata ruwan wanki, ko toka, ko taki. Taki ciyawa ya ke ciyarwa, ciyawa kuwa in ta tashi sai ta danne ta. A riƙa tsince ganyen da ya faɗo mata, domin ko da ta ke ba ta son rana, tana bukatar haske. A kange ta da ƙaya saboda tonon kaji.

Akwai abu biyu da tilas malami ya tsare. Kada a bar ruwa ya kwanta cikin kasko, don kwana bakwai zuwa goma sun ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Kore-koren cikin randar sha da na dakalin rijiya kuwa a wanke shi sarai, gama yana ɓata ruwa, santsinsa kuma yana kayar da masu ɗiba.

Darasin da za a ba yara

Gani ya kori ji. A dasa tsingaro biyu rana ɗaya, a ba su ruwa daidai wa daida, ɗaya a gindin randa, ɗaya a fili. Yara su riƙa dubawa kowace safiya suna rubuta abin da su ka gani. Ba za a daɗe ba ta fili za ta ƙanƙance ta yi ja, ta inuwa kuwa tana nan kore shar. Sa'an nan a ɗauko busasshiyar a yayyafa mata ruwa a gabansu. Irin da ke jure fari, kafin a gama darasi za su ga ganyenta ya buɗe ya soma komawa kore, watau ba mutuwa ta yi ba, jiran ruwa ta ke yi.

Daga nan sai malami ya ja hankalinsu zuwa gona. Ruwa ɗaya a ka ba tsingaron nan biyu, inuwa ce ta bambanta su. Wannan shi ne dalilin da mai lambu ke yi wa irin albasa da tumatir lulluɓi da ciyawa, shi ne kuma dalilin da a ke renon dashen itace ƙarƙashin rumfa kafin a fitar da shi. Har wa yau a nuna musu baƙin ɓawon nan da ke kama fuskar saurar da ta daɗe ba a noma ba. Cikinsa akwai ƙananan halittu masu kama da kore-koren ruwa, waɗanda ke ɗaure rairayi kada iska ta kwashe shi.

Ƙasar Gobir ta ga farin 1973 da na 1984, dattawa kuwa ba su manta ba. Yaron da ya gane tun yana aji cewa itace mai inuwa ajiyar ruwa ne, in ya girma zai yi tunani kafin ya sa masa gatari. Allah ya ba mu ikon koyar da abin da zai amfani mutanenmu, amin.