Idan Fargabar Yaƙi Ta Sauka a Jiki

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a 2009, jama'a da dama sun tsira daga harsashi, amma firgici bai sake su ba. Wanda ya daɗe yana barci da ido ɗaya, jikinsa kan ci gaba da fitar da sinadaran fargaba ko bayan hatsarin ya wuce. Su ne ke sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau, sukari ya ƙi sauka. Sai ciwon kai, ciwon ciki, rashin barci. Yaron da ya daina fitsarin kwance ma yakan koma yi.

Don Allah kada ku ce raki ne. Ku kai duk mai fama da haka a auna jininsa da sukarinsa, ku kuma faɗa wa likita abin da idonsa ya gani, domin nan ne tushen. Ku raba shi da tiramol da ƙwayar barci ta kan titi. Ku zauna da shi, in ya so magana ku saurara, in bai so ba kada ku matsa.

Idan mafarkin tsoro ya ƙi barinsa, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri. Zuwa can ba abin kunya ba ne.