Taskace Kabon a Ƙasar Noma: Nazari Daga Gonakin Bagudo

Tsakure

Maƙalar ta auna ra'ayin da ke cewa taskace kabon a ƙasar noma na rage iskar kabon-dayokusaid a sararin sama. Ta ɗauki misali daga ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, mai iyaka da Jamhuriyar Benin.

1.0 Gabatarwa

A taron sauyin yanayi na Faris a 2015, Faransa ta gabatar da shirin "huɗu cikin dubu". Hujjar shirin ita ce, kabon da ke cikin ƙasa ya ninka na sararin sama aƙalla sau biyu, don haka ƙarin kashi 0.4 cikin ɗari duk shekara zai rage tauruwar iskar ƙwarai. Tsiro na zuƙar iskar, idan kara da saiwa suka ruɓe sai wani kaso ya zauna a ƙasa. Manomi ya daɗe da sanin amfanin wannan, shi ya sa yakan ce gona "ta gaji", ya kai mata taki ko ya bar ta saura.

2.0 Gonakin Tudu

Abubuwa uku ke rage wa hujjar ƙarfi a tudu. Na farko, zafi da gara da ƙananan halittu na saurin cinye abin da ya ruɓe, kabon ya koma sama, musamman a jigawa. Na biyu, karan dawa da harawa suna da masu jiransu: shanu, danga da murhu. Takin da aka kwaso daga mashekari zuwa gona kuwa sauya wa kabon mazauni ne kawai. Na uku, ƙasa na ƙoshi. Bayan shekaru kamar 20 zuwa sama ƙarin yakan tsaya, kuma komawa ga yawan huɗa da ƙona kara na iya sakin abin da aka tara.

3.0 Fadamun Kwara

A fadamun Kogin Kwara, kamar na Illo da Lolo, shinkafa ce kan gaba. Ruwan da ke kwanciya na jinkirta ruɓewa, kabon ya daɗe. Sai dai a nan ne ake samun iskar mitan, wadda ɗumaminta ya ninka na kabon-dayokusaid kusan sau 28 a tsawon shekara 100. Binne bambaro a gona mai ruwa na ƙara ta, abin ya zama tufka da warwara.

4.0 Kammalawa

Taskacewar na rage iskar ne kawai idan kabon ɗin sabon ƙari ne, ya daɗe a ƙasa, kuma bai jawo wata iskar ba. Renon gawo a gona, kamar yadda manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980, ya fi kusa da cika waɗannan sharuɗɗa. Ribar da ta tabbata ga manomin Bagudo ita ce ƙasa mai riƙe laima da ƙarin yabanya. Alƙawarin Nijeriya na daidaita hayaƙinta nan da 2060 kuwa ya dogara ne ga rage ƙona man fetur da gas da itace.