Cin Abinci a Gari: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Zauna

Rayuwar birni ta raba mutane da dama da tukunyar gida. Direban da ya taso daga Katsina ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, da ɗan kasuwar da ke kai kaya daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, da ɗalibi, da ɗan kabu-kabu, duk sukan yi kalaci a teburin mai shayi, su ci na rana wurin mai tuwo, da dare kuma su tsaya gaban mai tsire. Masu hali sukan shiga manyan gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki. Babu laifi a cikin wannan, kuma ba za mu ce a daina ba, domin sana'a ce da ke riƙe da gidaje masu yawa. Abin da wannan darasi ke son koyarwa shi ne yadda mutum zai gane abincin da ke da haɗari tun kafin ya kai loma baki.

Batun ba ƙarami ba ne. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 91 ne ke kamuwa da ciwo a Afirka kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 137,000 daga cikinsu kuma su rasa rayukansu. Cuta ba ta tsayawa a shingen kan iyaka. Kwalarar da ta ɓarke a yankin Madarumfa a daminar 2018 ta zo daidai da wadda ake fama da ita a tsallaken iyaka, haka kuma ta 2021 ta ratsa Najeriya da Nijar a lokaci guda.

Zafi da lokaci

Kyan wuri ba shi ne lafiyar abinci ba. Sau da yawa rumfar mai ƙosai da ke tsame ƙosanta daga tafasasshen mai a gaban idonka ta fi aminci a kan ƙawataccen gidan abincin da ya jera kwanukan shinkafa tun hantsi, wutar lantarki kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Irin wannan wuri kyan ɗan maciji gare shi.

Dalili kuwa shi ne, yawancin ƙwayoyin cuta suna mutuwa idan zafin abinci ya kai digiri 70 har cikinsa. Amma tsakanin digiri 5 da 60 suna hayayyafa, wasu ma sukan ninka yawansu kowane minti 20. Idan aka bi wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. To, a tuna yadda zafin bazara ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram ko Sakkwato. Miyar da aka sauke da safe aka bari a kan tebur har la'asar ta zauna ne a daidai zafin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Shi ya sa ƙa'idar masana ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye, sai dai a kan wuta ko cikin firji.

Shinkafa tana da wata matsala ta daban da mutane kaɗan suka sani. Akwai ƙwayar cuta a cikinta wadda dafuwa ba ta gamawa da ita. Idan shinkafar ta huce ta daɗe a kula, sai ƙwayar ta farfaɗo ta zuba guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Wanda ya ci yakan fara amai cikin ƴan awoyi kaɗan. Saboda haka dafa-duka ko shinkafa da waken da suka yini, ko an ɗumama su, a bar su. Hanci da harshe ba sa taimako a nan, don abinci na iya zama da guba alhali ƙamshinsa da ɗanɗanonsa ba su canja ba.

Abin da za a nema shi ne tururi. A je wurin da ciniki ke gudu, inda tukunya ba ta daɗewa ba ta ƙare ba, kuma a je a lokacin da jama'a ke ci. Ba rashin ladabi ba ne mutum ya ce, "Inna, don Allah a zuba mini daga wadda ke kan wuta."

Ruwan wanke hannu

A nan ne aka fi yin sakaci. A wurare da yawa akan ajiye roba ɗaya ta ruwa, kowa ya zo ya tsoma hannu kafin ya ci tuwo. Na goma a layi ba wanke hannu ya yi ba, dattin hannun mutum tara ya kwasa. Kwalara, taifot da ciwon hanta nau'in A da E duk hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gida zuwa baki, ta hannu, ta ruwa, ta ƙuda. Wanke hannu na gaskiya shi ne da sabulu da ruwa mai zuba, daga famfo ko buta, ana cuɗawa kamar daƙiƙa 20. Matafiyi ba zai rasa wurin ɗan guntun sabulu a aljihun jakarsa ba.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kafin a zauna, a leƙa inda ake wanke kwanuka. Idan bokiti ɗaya ne tun safe, ruwan ya yi kauri, to kwanon da za a ba ka ta cikinsa ya biyo. A duba ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke yanka buredi, ko abinci a rufe yake, ko kwata na gudana kusa da murhu. Lafiyar fuskar mai dafawa ba shaida ba ce: akwai waɗanda suka warke daga taifot amma ƙwayar ta ci gaba da zama a maɗaciyarsu, suna yaɗa ta ba da saninsu ba.

Teburin mai shayi da tukubar mai nama

Shayi kansa yana cikin abubuwan sha mafi aminci, tunda tafasasshe ne. Matsalar tana wajen kofin da aka ɗauraye sama-sama, da gwangwanin madarar da aka huda tun jiya, da kwalbar mayonis da ta yini a rana. Ƙwai kuma a ce a soya shi sosai har ruwansa ya ƙafe.

Tsire da balangu idan daga wuta suka fito da zafinsu babu damuwa. A lura dai da albasa, tumatir da kabejin da ake haɗawa da su, musamman idan wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama ne aka yanka su da su. Naman da aka naɗe a takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida ma abin gudu ne.

Abin sanyi

Da zafin rana rai kan so zoɓo, kunun aya, lamurje ko fura mai ƙanƙara. Sai dai sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, adana su yake yi. Ƙanƙarar da aka yi da ruwa marar tsabta tana narkewa ne da cutarta cikin kofi. Nonon da ba a tafasa ba kuma yana iya ɗauke da cututtukan shanu, har da tarin fuka. Salak da sauran ɗanyen ganye sukan fito daga lambunan bakin gari, waɗanda wasunsu da ruwan kwata ake ba su ruwa. A lokacin annoba a haƙura da su gaba ɗaya, a tsaya kan dafaffe da ƴaƴan itacen da mutum zai ɓare da hannunsa, kamar lemo da ayaba. Ruwan leda ko na kwalba a tabbata a rufe yake, a kuma wanke bakin ledar kafin a kai ta baki.

Mata masu juna biyu su fi kowa kiyayewa. A ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a jihar Diffa a 2017, su ne cutar ta fi yi wa ɓarna.

Idan ciki ya ɓaci

Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara shan ruwan gishiri da sukari nan take: fakiti ɗaya na kemis cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Idan babu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe ba a tsiri ba, cikin lita ɗaya. Yara a ƙara musu ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba jariri nono. Kada a ruga sayen kafso wurin masu tallar magani a tasha.

A garzaya asibiti idan gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini a cikinta, ko amai ya hana shan komai, ko ido ya faɗa fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku. Kwalara tana iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin awoyi, don haka matafiyi kada ya ce sai ya tsallaka iyaka ya koma gida. Ya nufi cibiyar lafiya mafi kusa, ko a wace ƙasa yake, yana shan ruwan gishiri da sukari a hanya. Alamun kwalara sukan bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5, na taifot kuwa sukan kai mako ɗaya zuwa uku, saboda haka a faɗa wa ma'aikacin lafiya garuruwan da aka bi da wuraren da aka ci abinci, ba na jiya kaɗai ba.