Yadda Ake Riƙe Majalisa Kada Ta Mutu: Darasi Daga 'Yan Birnin Gwari

Saura 'yan makonni in miƙa furojet ɗina in tattara kayana, kuma a cikin kayan akwai abin da ba nawa ba: wani tsohon littafi mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba saboda takardunsa sun fara zubewa. Littafin majalisarmu ne, mu ɗaliban da muka fito daga Birnin Gwari da ƙauyukanta. Majalisar ta haura shekara goma ana zama, waɗanda suka kafa ta wasu har sun yi 'ya'ya biyu uku, ni kuma na riƙe littafin shekara ɗaya da rabi a matsayin sakatare. A makarantar nan kusan kowace semesta sai an kafa sabuwar ƙungiya, a buga riga, a yi hoto, kafin jarabawa ta zo an manta da sunanta. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya, ko zai amfani wani.

Majalisa dai ba sabon abu ba ce a ƙasar Hausa. Kowace unguwa tana da dakalinta ko gindin bishiyarta. A Nijar, a garuruwa irin su Damagaram da Maraɗi, samari suna kiran tasu fada, suna zama ana dafa shayi har dare. Iyayenmu kuma sun san ƙungiyoyin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, mutanen da suka shekara suna gaisawa ta kati kafin su taɓa ganin fuskar juna. Tamu ta ɗalibai tana da wata matsala da waɗancan ba su da ita: duk shekara biyu mutanenta suna canjawa kaf. Wanda ya shigo yau, jibi ya gama difloma ya tafi. Ke nan majalisar ɗalibai kullum tana bakin mutuwa, sai dai a yi ta ceto ta.

Abu na farko mai sauƙin faɗa ne: lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Mu Lahadi ne bayan La'asar, ko mutum uku ne suka zo sai an zauna an rubuta cewa an zauna. Na duba littafin na ga akwai ranar da mutum biyu kawai suka halarta, ana ruwan sama, amma sakataren lokacin ya rubuta sunayensu. Da an fara cewa "a ɗage sai mako mai zuwa", to an fara haƙa kabari.

Amma abin da ya fi ɗaure mu shi ne hanya. Wanda bai fito daga yankinmu ba zai yi wuya ya gane wannan. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar da ba ta kai ta wuni ba ce, ka bi ta Buruku, ka wuce Udawa, amma shekaru da yawa mutum ba ya shiga mota sai ya yi sallama da mutanensa kamar mai tafiya aikin Hajji. Wani lokaci motoci sai su taru a jira rakiyar jami'an tsaro. Hanyar Funtuwa ma haka. A irin wannan hali, labarin hanya ya fi kuɗin mota daraja. Don haka majalisarmu, da zauren WhatsApp da muke da shi a gefe, suka zama wurin da ake tambaya: yau an wuce lafiya? Wa ya iso? Wa ba a ji ɗuriyarsa ba?

A nan ne muka koyi darasi mafi tsada, wato maganar ji-ta-ji-ta. Na gaji wata doka a littafin, an rubuta ta da jan biro: duk mai kawo labarin hari ko tare hanya, dole ya faɗi daga bakin wa ya ji, kuma yaushe. "An ce" ba ta shiga. Dalilin kafa dokar kuwa, wani ne ya taɓa turo cewa an tare hanya an kwashe mutane, har da hoto, ashe hoton na wata shekara ne kuma na wata jiha. Wata 'yar uwarmu da mahaifinta ya taso a ranar ta suma a ɗakin kwana. Mutumin ya iso lafiya lau, yana ta mamakin kiran da ya gani a wayarsa. Wanda ya turo ba mugu ba ne fa, so yake ya riga kowa. Amma ka lura, idan majalisa ta yi ƙarya sau biyu, ranar da ta faɗi gaskiya ba mai saurarenta, kuma a wurinmu wannan maganar rai ce.

Doka ta biyu ita ma daga hanya ta fito: ba a sanar da ranar tafiya ko irin motar da mutum zai shiga a cikin taro. Ka gaya wa mutum ɗaya ko biyu da ka yarda da su, idan ka isa sai ka sanar da kowa. Ba wai muna zargin juna ba ne. Magana ce ba ta da linzami, kuma kowa a yankinmu ya san illar masu kai wa 'yan daji rahoto.

Sai kuma littafin kansa. Na san wasu za su yi dariya, a zamanin waya wa ke ta takarda? To a ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, Birnin Gwari na ciki, ba a maido ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kafin nan an dakatar da kasuwannin mako, sannan tare da katse layukan aka hana hawa babur. Lokacin ni ina gida, ban shigo makaranta ba, kuma ina tuna yadda waya ta koma fitila da agogo kawai. Ɗaliban da ke nan kuwa sun kwashe kusan wata biyu ba su ji muryar iyayensu ba, ga kuɗin abinci ya ƙare. Abin da ya cece su shi ne shafukan baya na littafin nan, inda aka rubuta sunan kowa, da unguwarsu ko ƙauyensu, da sunan wanda za a nema a gida. Sai suka koma rubuta wasiƙa, su haɗa wuri guda, mutum ɗaya ya kai tasha ya ba direban da aka sani, amsa ta dawo ta hannun direban, wani lokaci da ɗan kuɗi ko ƙullin gari. Ni da kaina na karanta wa wata tsohuwa a unguwarmu wasiƙar jikanta, ban san wata rana zan riƙe littafin da aka samo sunanta a ciki ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa zato ba. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari kan maganar sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe, motoci suka fara bin hanya da ɗan kwanciyar hankali. Alhamdulillahi. Amma wallahi a watannin da suka biyo baya ne majalisarmu ta fi kusa da mutuwa. Mutane suka daina zuwa. Da na zauna na yi tunani sai na gane cewa tsoro ne yake tara mu, da tsoron ya ragu sai kowa ya kama gabansa.

Ga kuma rigimar sulhun kanta. A cikinmu akwai wanda mahaifinsa ya koma gonar da ya shekara bai taka ba, yana ganin sulhun nan rahama ce. Akwai kuma wadda aka kashe yayanta, ba ta iya jin kalmar "tubabbu" ba tare da ranta ya ɓaci ba. Wata Lahadi aka yi musayar kalamai har mutum huɗu suka tashi. Wasu suka ce a haramta maganar gaba ɗaya. Ni ban yarda ba, har yanzu kuma ina ganin da mun haramta da mun yi kuskure, domin majalisar da ba a iya faɗin abin da ke cin rai a cikinta ta zama wurin gaisuwa kawai. Abin da muka yi shi ne muka ware mata zama guda, kowa minti uku, ba a katse mai magana, ba a ambaci ƙabila, kuma wanda aka yi wa rashi shi ne zai fara. Ba a cimma matsaya ba, ba a ma nemi a cimma ba. Uku daga cikin huɗun sun dawo. Na huɗun sai da muka taka har ɗakinsa sau biyu, tunda zumunci a ƙafa yake, kuma har yau zuwansa jefi-jefi ne.

Daga nan muka nemo wa majalisar wani abincin da ba tsoro ba. Kowane mako mutum ɗaya zai yi minti goma kan abin da ya sani. Wani ɗan sashen noma ya yi mana bayanin takin masara da lokacin zuba shi. Wata ta yi magana kan dajin Kamuku, sai ga shi da yawa cikinmu ba mu san tun 1999 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa ba; mu dai mun taso muna jin sunansa a labaran hari. An yi kan haƙar zinariya, an yi kan madatsar ruwa ta Bagoma, an yi kan yadda ake cike takardar neman tallafin karatu. Masu lissafi suka fara koya wa 'yan aji ɗaya kafin jarabawa. Kuɗin da muke tarawa kaɗan ne, amma ma'aji yana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane zama, don ba abin da ke kashe ƙungiya da sauri kamar a fara raɗe-raɗin kuɗi.

Inda nake ganin ni na gaza shi ne wajen sababbi da mata. Mu manya mun cika surutu. Yaro zai zo sau uku bai ce uffan ba, na huɗu ba za ka gan shi ba. Sai a baya-bayan nan muka fara ba sabon shiga ɗan aiki tun zuwansa na biyu, ko kiran suna ne, ko ɗauko tabarma. Mata kuwa sun ce lokacin tashinmu yana kai su Magariba, kuma sai sun ɗaga hannu sau uku kafin a gan su. Gaskiya suka faɗa.

Saura miƙa littafi. Al'adar da na tarar ita ce ba a jira sai ranar tafiya. Mai gado yana zama kusa da sakatare semesta guda yana rubutawa, sakatare yana dubawa. Bana a karon farko mace ce za ta karɓa, 'yar aji ɗaya daga wajen Dogon Dawa, rubutunta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ta riga ta ce za ta ɗauki hoton kowane shafi ta ajiye a wuri biyu, ta kuma dawo da zama ƙarfe huɗu daidai. Shafi tara ne suka rage a littafin, don haka a zaman Lahadi mai zuwa kowa ya taho da gudummawarsa ta sayen sabo.