Kafin Ɗaliban Dutse Su Tsallaka Damagaram

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke son ziyarar ilimi zuwa ƙasar waje, ku fara duba Damagaram da ke Nijar. Ta Gumel da Maigatari ake bi, kuma Jami'ar André Salifou tana can.

Takardu ne farko. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ku tambayi ofishin shige da fice abin da ake buƙata kafin ku tara kuɗin mota. Ku riƙe fasfo, katin rigakafin cutar shawara, da wasiƙar gayyata daga jami'ar da za ta sauke ku. Kada kowa ya ɗauki hoton shingen sojoji.

Ku canji sefa tun daga Maigatari. A kasuwar Damagaram da dala ake lissafi: dala ɗaya sefa 5 ce, wanda bai sani ba zai sha ruɗu.

Abin da ya fi damuna shi ne mu je muna gyara wa mutane Hausarsu. Ku saurara, ku tambayi yadda suke karatu da Faransanci. In kun isa fadar Sarkin Damagaram a unguwar Birni, ku tuɓe takalma, shugabanku kaɗai ya yi magana.