Darasi na 17: Makarantar Hawan Igiya

Jama'a, yau za mu karanta labarin wata makaranta wadda ba a shigarta da allo ko alƙalami. Kayan aikinta igiya ne da itatuwa da katanga. Abin da ake koyo a cikinta biyu ne: mutum ya ci ƙarfin tsoronsa, ya kuma san amfanin ɗan'uwansa.

Asalinta daga Birtaniya ne, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, ya lura da wani abin mamaki. In abokan gaba suka nutsar da jirgi, samari majiya ƙarfi sun fi saurin mutuwa a teku, tsofaffin matuƙa kuwa su jure har taimako ya zo. Ya gane ba ƙarfin jiki samarin suka rasa ba. Ba su taɓa shan wuya ba ne, don haka da sun ga masifa sai zuciyarsu ta karye. Sai ya haɗa kai da wani malami Bajamushe, Kurt Hahn. A 1941 suka buɗe makaranta a garin Aberdovey, a bakin teku, suka sa mata suna Outward Bound.

Bayan shekara 10 abin ya iso wajenmu. A 1951 wani Bature, Alec Dickson, ya buɗe irinta a Man O' War Bay, kusa da garin Biktoriya na Kamaru, wanda yanzu ake kira Limbe. Daga nan sunan Man O' War ya samo asali. Daga baya aka kafa reshe a duwatsun Shere, kusa da Jos.

To, yaya ake yin horon? Ana raba mutane ƙungiya ƙungiya, kamar goma goma. Da fari a kai su ga katangar katako mai tsawon ƙafa 12, sumul, ba wurin kamawa. A ce duk su haye, ba tsani. Mutum ɗaya ba ya iyawa, komai ƙarfinsa. Sai biyu su duƙa, ɗaya ya taka kafaɗunsu ya hau, ya miƙo hannu ya jawo na baya. Amma ga wuyar: wa zai ɗaga na ƙarshe? In ba su yi shawara tun da fari ba, sai su tarar sun bar mai nauyi shi kaɗai a ƙasa, aikin duka ya ɓaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan wannan sai igiyar sama. Ana ɗaure igiya uku tsakanin itatuwa biyu masu tsawo, ɗaya ta takawa, biyu na riƙewa. Mai hawa yana sa hular kwano, a ɗaura masa ɗamara mai ƙarfi a ƙugu, a maƙala mata wata igiya dabam. Bakin wannan igiya yana hannun abokinsa. In ƙafarsa ta zame, abokin ya riƙe shi, ba zai kai ƙasa ba. Kun ga ke nan ransa amana ne a hannun wani. Wanda ya ji ƙafafunsa na rawa, amma ya daure ya kai ƙarshe, zai sauko da zuciyar da bai hau da ita ba.

Malamin kirki ba ya tilasta wa kowa hawa, ba a kuma yi wa matsoraci dariya. In an gama sai a zauna a tattauna: wa ya kawo dabara, wa aka ƙi saurara, me ya sa aka makara.

Mu lura da kyau: kada kowa ya ɗaura igiyar rijiya a kan itace ya ce zai gwada. Wannan aiki sai da malami horarre da kayan da aka bincika. Amma darasinsa namu ne tun kaka da kakanni. Shi muke yi ran gayya, da ran da muke fitar da mai haƙar rijiya daga rami.

Tambayoyi
1. Me Lawrence Holt ya lura da shi?
2. A wace shekara aka buɗe Man O' War Bay?
3. Don me ake yin shawara kafin a hau katanga?
4. Rubuta aiki biyu na garinku waɗanda mutum ɗaya ba ya iyawa.