Sobiyar Jidda da Ƙwayoyin da Ido Ba Ya Gani

Wanda ya taɓa yin azumi a Jidda ya san sobiya, abin shan nan da ake sayarwa a bakin titi in la'asar ta yi sanyi. Da sha'ir ake yinta, ko busasshen burodi, a jiƙa, a tace, a sa sukari da kirfa, a bar ta ta kwana ɗaya ko biyu. Akwai fara, akwai ja. Ni dai fara na sha a tsohon gari, Al-Balad. Da fari zaƙi ne ya tare ni, sa'an nan tsami ya biyo baya, kamar na kunun zaƙin da ya kwana, kuma na ji tana ɗan tsikarin harshe. A ganina ja ta cika zaƙi.

To, daga ina tsamin nan ya fito, alhali ba a sa tsamiya ba? Wani masani na Faransa, Louis Pasteur, shi ya bayyana a 1857 cewa waɗansu ƙwayoyi masu rai ne, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu, suke cin sukari su mai da shi tsami irin na nono. Akwai kuma waɗansu, watau yisti, su kuwa iska suke fitarwa, wadda ke tsikarin harshen, tare da sinadarin da ke sa maye.

Abin mamaki, masu dafa giya a Beljiyam, a kwarin kogin Senne kusa da Birasels, da irin waɗannan ƙwayoyi suke aiki. Giyarsu mai suna lambik, ba a zuba mata yisti. Ruwan sha'ir da alkama suke dafawa, su juye shi cikin wani faffaɗan kasko, su bar shi a buɗe ya kwana a lokacin sanyi, ƙwayoyin su faɗa ciki da kansu. Daga nan sai ganga ta katako, shekara 1 har zuwa 3. Ta yi tsami ƙwarai, ta kuma zama mai bugarwa.

Ashe lokaci da zafi su ne babban abin da ya raba su. Tun 1952 Sarki Abdul'aziz ya hana giya a Saudiyya, sobiya kuwa ana shanta tun yisti bai yi nisa da aikinsa ba. Amma ƙwayoyin ba su san doka ba. Zafin Jidda yana ƙara musu ƙwazo, sanyin firji yana sa su kasala. Saboda haka wanda ya saya, ya sa ta a firji nan da nan, ya shanye a ranar ko kashegari. In ya ga ledar ta kumbura, ko wari ya sāke, to, yisti ya riga shi, sai a zubar.